Ruwan da Kaka Ya Ƙi Sha

Daga Allah muke, kuma ga kakana, mahaifin innata, ya riga mu komawa gare shi. Allah ya jiƙansa, ya sanyaya makwancinsa. Ni ba marubuci ba ne, mai gyaran injin ban-ruwa ne a Tamaske, amma abin da na gani a zaman makokinsa ya tsaya mini a rai, kuma ba na so a manta da tsohon nan.

Jama'a ta zo, ba laifi. An zo daga Keita, an zo daga Buza, har daga ƙasar Madawa. A ƙauyenmu duk wanda ya zo gaisuwar mutuwa ana miƙa masa ruwa kafin ya ɗaga hannu a yi fatiha. An miƙa kuwa. Sai na lura kowa yana karɓar kwanon da hannu biyu, ya yi godiya, ya dubi ruwan, ya ajiye a gefen tabarma. Rana tana dukan rumfa, mutum ya sha tafiya a kan moto har leɓensa ya tsage, amma ba mai kai kwano baki. Da la'asar aka kwashe kwanonin cike kamar yadda aka kawo su.

Wani dattijo da ban sani ba ya jawo ni kusa, ya yi ƙasa da murya.

"Ruwan ga na rijiyag ga na?"

Na ce masa i. Ya sa bayan hannu ya ture kwanon, ya ci gaba da jan carbinsa.

Mutum ɗaya ce ta sha. Wata mata ce Kirista, mai aiki a asibitin mishan, wadda ba ta san labarin ba. Ta shigo wajen mata, ta zauna, ta ɗaga kwano ta shanye tas. Inna ta ce kowa a tsakar gida ya zuba mata ido kamar za ta faɗi. Ba ta faɗi ba. Ta dai yamutsa fuska ta ce ruwan namu yana da ɗaci-ɗaci, ta tambaya ko a randa ne. 

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kaka mahaƙin rijiya ne, shi ya haƙa wadda ƙauyenmu ke sha da hannunsa, kuma a shekarunsa na ƙarshe bai sa ruwanta a baki ba. Ɗansa, kawuna, ya tsaya a bakinta ya yi mata mugun baki, ya ƙi janyewa har uban ya mutu. Yanzu rijiyar tana ja da baya, tana bukatar yasa, kuma duk ƙasar nan ba mai yarda ya sauka cikinta. Kawu ya tsaya a gaban masu makoki ya ce in an yi sadakar bakwai shi zai shiga da kansa. Mutumin da tun yana saurayi yake ci-rani a Abijan, bai taɓa sauka ko rijiyar garka ba. Don haka kukan da inna take yi a ɗaki ba na mahaifinta kaɗai ba ne, rabinsa na ƙanenta ne da ke zaune a rumfa yana karɓar gaisuwa.

Liman ya ce bai taɓa jin ashar a bakin mamacin ba. Tsofaffin mata suka ce ya tafi da ƙishi. Wasu mutum biyu da suka yi aiki a ƙarƙashinsa tun suna samari, yanzu su ma sun yi furfura, sun ware kansu. Sun zauna can nesa da kawu, ko inda yake ba su duba ba.

Kaka gajere ne, mai faɗin kafaɗa, yana ɗingisa ƙafar hagu. Tafin hannunsa igiya ta cinye shi har ba a ganin zane. Ba shi da yawan magana, amma akwai wadda duk wanda ya san shi ya ji ta a bakinsa:

"Ruwa shina ji. Magana ta dai ba shi yi."

Da gaske yake, ba wasa ba. In ya zo bakin rijiya sai ya yi sallama kafin ya saki guga. Ba a faɗin mutuwa a bakin rijiya in yana kusa, sai ka ja mutum gefe, ku yi nisa, sannan ka gaya masa. In faɗa ya tashi a gida, kafin ya tambayi wa ke da gaskiya, randa yake fara nufa ya rufe ta da faifai. In kuwa an riga an yi zage-zage randa tana buɗe, sai ya kinkime ta ya juye a gindin bedi, wato dogon yaro, ya ce wannan ruwa ya ji abin da bai kamata ya shiga cikin mutum ba. Kakata, wadda ita ke ɗauko ruwan a ka, ta sha yi masa tsiya a kan wannan. Ta ce bedin gidanmu ya fi kowa ƙiba a gidan, kuma da guminta ya yi ta. Shi dai sai ya ɗauki tulu ya tafi ya ɗebo mata wani, yana ɗingishi.

Ni da shi wasan jika da kaka muke yi, mai zafi. Ina ce masa tsoho mai hira da rami, yana ce mini baƙin hannu, saboda man inji da ba ya fita daga farcena. Na san ruwa ta hanyar tiyo, na san in inji ya yi yawa a fadama ruwan ƙasa sauka yake yi, ko an zage shi ko an yi masa kirari. Wata rana na ce yau sai na kama tsohon nan. Na cika bido biyu, wato jarkoki, daga famfo ɗaya, na ɗauki guda na zazzage shi son raina, na ɗauki ɗayan na yi ta yabonsa kamar maroƙi. Na kawo masa na ce ya ɗanɗana ya nuna mini wanda aka zaga. Ya shinshina wannan, ya shinshina wancan, ya ce duka biyun warin esans suke yi, wato fetur. Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma ya ƙi shan ko ɗaya. Ya ce wanda na zaga ya ji zagi, wanda na yaba kuma ya ji ƙarya, shi bai ga na zaɓa ba. Bedi ya sake samun rabonsa ranar.

Akwai lokacin da wani matashin malami da ya dawo daga karatu ya tare shi a ƙofar masallaci, ya ce magana da rijiya hanyar shirka ce. Na ɗauka Kaka zai yi fushi. Sai ya ce shi bai taɓa roƙon ruwa kome ba, Allah yake roƙo, amma ruwa halitta ne kamarmu, kuma bai ga dalilin da zai sa a zubar masa da ƙazantar baki a ce kuma a yi alwala da shi ba. Malamin bai gamsu ba, Kaka ma bai damu ya gamsar da shi ba. Sun ci gaba da salla a sahu ɗaya.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne kwance baki. Duk garin da aka kira shi yasa, ba ya ɗaura igiya sai an tara masu shan rijiyar, maza da mata. Duk wanda ya taɓa yin zagi, ko rantsuwa, ko mugun fata a bakinta, sai ya fito ya leƙa ciki, ya maimaita abin da ya faɗa da bakinsa, a gaban kowa, sannan ya ce ya kwance. Ba a taƙaitawa, ba a cewa wai na faɗi abin da na faɗa. Na halarci irin wannan sau da dama. Da fari abin dariya ne. Za ka ga mata biyu da suka yi faɗa kan layin guga suna jero zagin da suka yi wa juna, wata ta manta wani, abokiyar faɗan ta tuna mata. Amma can sai dariya ta ɗauke. Na ga magidanci da gemunsa ya leƙa rijiya ya ce ya taɓa fatan ɗan'uwansa ya faɗa cikinta saboda gona, ɗan'uwan yana tsaye a bayansa. Kaka ba ya kallon mai magana, ƙasa yake kallo. In an gama sai ya yi bisimilla ya sauka.

Sai da na girma inna ta gaya mini mafarin abin. Yana saurayi, shi da ƙanensa aka kira su yasa a wani gari ta wajen Buza. Garin a rabe yake gida biyu, har an yi rantse-rantse a kan rijiyar. Mahaifinsu ya ce kada su shiga sai an sasanta, maigari ya matsa, su kuma ƙuruciya ta ɗebe su. Suna ƙasa gefen rijiyar ya zubo. An ciro Kaka da karyayyar ƙafa, ƙanen kuwa sai gawarsa. Ni da na ji labarin na ce tsohuwar rijiya ce, ba siminti, dole ta rufta. Ban faɗa a gabansa ba. Tun daga ranar bai sake sauka ramin da ba a kwance ba, kuma rijiya ba ta sake rufta masa ba har ya tsufa.

Matar nan da ta sha ruwanmu a makoki, alheri ne ya kawo ta. Ta ba inna labari cewa tana yarinya rijiyar unguwarsu ta cike da yashi, aka nemi masu yasa, kowa ya kawo uzuri, don unguwar ta Kiristoci ce. Kaka ya ji, ya ɗauki igiyarsa ya tafi. Ya tara su kamar yadda yake tara kowa, ya sa aka kwance baki, sannan ya ce su yi addu'a a kan rijiyar yadda suka iya, shi zai jira. Mahaifinta ya ja waƙar ibada, sauran suka amsa, Kaka yana zaune a kan dutse yana gyaran ƙullin igiya. Da suka gama ya yi tasa bisimillar ya shiga. Ta ce har yau rijiyar suke sha.

To, ga yadda tamu ta lalace. Tun da aka haƙa ta akwai tsari tsakaninmu da Fulanin da ke sauka bayan tudu da rani: safiya ta mutanen gari ce, in rana ta karkata rijiya ta shanu ce. Su kuma su kwana da garke a gonakinmu, mu sami taki. Shugabansu, wanda muke kira Arɗo, abokin Kaka ne tun suna yara. Kawu ya dawo daga Abijan da ɗan abin hannunsa, ya ce ya gaji da zaman ƙasar mutane, ya buɗe garkar albasa a ƙasan rijiya, daidai inda shanu ke bi. An gaya masa, ya ce zai yi shinge. Wata rana shanu suka ture shingen suka tattake irin da yake reno, kwana kaɗan kafin dashe. Ba zan ce ba a cuce shi ba, don gumin shekaru ne ya zuba a wurin. Ya zo bakin rijiya, ya ƙwace guga daga hannun ɗan Arɗo, ya leƙa ciki ya ce:

"Gwamma rijiyag ga ta ƙahe ƙaf da saniyar Bahillace ta sake shan ruwanta. Allah shi ƙahe ta, mu duka mu rasa."

Mata suna nan, sun ji. Arɗo ma yana wurin. Ya sa aka kaɗa shanu, suka koma shayarwa a wata rijiya mai nisa, ba su sake zuwa tamu ba.

Da labari ya kai wa Kaka, ya kira ɗansa ɗaki. Ba a ji ɗaga murya ba. Ya ce ya je ya kwance, ba sai an tara gari ba, shi da Arɗo da matan da suka ji sun isa. Kawu ya ce shi aka yi wa ɓarna, ba zai je ya durƙusa wa rami a gaban waɗanda suka cuce shi ba. Kaka ya ce to, shi kuwa ba zai sha ruwan da ɗansa ya la'anta ba. Kawu ya ɗauka fushin kwana biyu ne. Mu ma haka muka ɗauka.

Daga ranar ni nake kawo masa ruwa a bido daga famfon Tamaske, a bayan moto. Damina ta zo ta wuce, wani rani ya shigo, tsoho yana kan bakansa. Akwai ranar da ƙorama ta kawo ta yanke hanya, ban iso ba sai washegari da hantsi. Na tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki, leɓensa ya yi fari, muryarsa ba ta fita, ga randa cike a gefensa an rufe da faifai. Inna ta roƙe shi har ta yi kuka, ya ƙi. Na zuba masa a moɗa, ya sha a hankali, da ya sami murya sai ya ce baƙin hannu ya so ya gaji matarsa tun yana da rai. Na yi dariya, amma raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji haushinsu su biyun.

Kada a ce kawu mugu ne. Shi ya yi wa uban ɗakin kwano, shi ke sayen maganinsa, shi ke cika rumbu in hatsi ya yanke. Kaka yana karɓar kome daga hannunsa, ya sa masa albarka. Ruwa ne kaɗai ba ya karɓa. Kawu ya taɓa sayo ruwan leda daga kasuwa ya ajiye masa a ɗaki, tsohon ya rabar wa maƙwabta. Kawu ya same ni a shagona ranar, idonsa ja, ya ce uban nasa yana yanka shi a gaban gari kowace safiya a kan magana ɗaya ta ɓacin rai. Na ce to ya je ya faɗi kalmar mana a huta. Ya ce da a makon farko ne da ya iya, yanzu abin ya yi tsawo, duk gari jira yake ya ga ranar da zai sunkuya. Taurin kan nan iri ɗaya ne, a wurin uban ya gada.

Rijiya kuwa ta shiga ja da baya. Igiyar da ke isa bara, bana sai an ƙara mata. Ruwan ya fara fitowa da laka, daga baya ya ɗauki wani ɗaci da ke tsayawa a maƙogwaro. Ni ina da bayanina, kuma na sha faɗa: injuna sun yi yawa a fadama, ga shi an daɗe ba a yi yasa ba, yashi ya toshe idon. Har yanzu ina ganin gaskiya ce. Sai dai rijiyoyin ƙauyukan da ke kusa, da injuna suka fi kewaye su, sun ragu amma ba su yi ɗaci ba, kuma wannan ban san yadda zan bayyana shi ba. Maigari ya aika a nemo masu yasa daga wani wuri. Duk wanda ya zo sai ya fara zuwa gaida Kaka, ya ji ba a kwance ba, ya naɗe igiyarsa ya koma.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Da ya ga jiki ya ƙi, ya kira liman da inna da kawu, ya ce yana da wasiyya guda: kada a wanke shi da ruwan rijiyar, sai in an kwance. Kawu yana durƙushe a gefen gado. Inna ta ce ta ga bakin kawu yana motsi, ta ɗauka zai ce ya yarda, sai ya tashi ya fita. Kaka ya cika da safe. Bidon da na kawo saura kaɗan, ba zai isa wanka ba. Ina shirin tada moto sai ga jakai suna saukowa daga tudu da salkuna cike, Arɗo yana biye da sandarsa. Tun da ya ji jikin ya yi tsanani ya sa 'ya'yansa suka ɗebo. Da ruwan Fulani aka wanke kakana, a gidan ɗan da ya kore su. Kawu yana tsaye aka wuce da salkunan ta gabansa. Bayan an dawo daga maƙabarta ne ya ce zai shiga rijiyar da kansa, a ga ko rami yana cin mutum don magana.

Kwanakin makokin nan ban ji daɗinsu ba. Inna ta aika dattawa, liman ya yi masa magana, ni ma na ce ya bari in nemo masu aikin siminti su duba ta tukuna, don na leƙa na ga zoben simintin da ke can ƙasa ya tsage. Ya ce ya riga ya faɗa a gaban mutane.

Washegarin sadakar bakwai da safe ya fito da gajeren wando, igiyar uban a kafaɗa. Gari ya taru ba tare da an kira kowa ba. Mutum biyun nan da suka yi aiki da Kaka suka ce ba za su riƙe igiya ba, ba a kwance ba. Duk da haka ɗayansu ya kunna fitilar ƙwai ya zura ta da zare don a ga ko akwai iska a ƙasa. Wutar ta ƙanƙance har ta kusa mutuwa, ta dai tsaya. Ya ce wa kawu kada ya daɗe, ya koma gefe. Na kama igiya ni kaɗai, na san kuwa ba zan iya riƙe ƙato kamar kawu ba. Sai na ji an kama ta bayana. Arɗo ne da 'ya'yansa, ba su koma ba tun da suka zo sadaka. Kawu ya gan su, ya kau da kai, ya zura ƙafa.

Muka sassauta a hankali har igiya ta yi sako-sako. Ya fara cika guga da laka ana ja, baƙa, mai wari. An ja na farko, an ja wasu. Can sai guga ya sauka, ba a girgiza shi a ja ba. Muka jira. Na leƙa ban ga kome ba sai duhu, amma ina jin yashi yana zuba daga tsagar zoben nan, siriri, ba ya tsayawa. Inna ta zube a ƙasa ta rufe baki da mayafi. Na buɗe baki zan kira shi, Arɗo ya dafa kafaɗata.

Muryar kawu ce ke tasowa. Raɗa yake yi, amma wanda bai taɓa shiga rijiya ba bai san cewa raɗar ƙasa a sama kamar a kunnenka ake yin ta ba. Ya ɗauka shi kaɗai ne da ruwan. Duk wanda ke kusa da baki ya ji.

"Ni na, ɗan wanda yag gina ki. Ni nic ce gwamma ki ƙahe ƙaf da saniyar Bahillace ta sha. Ni nic ce Allah shi ƙahe ki, mu duka mu rasa. Na kwance."

Yashi yana ta zuba. Sannan muryar ta karye.

"Baba, na kwance. Ka ji? Na kwance."

 Arɗo ya saki igiya ga 'ya'yansa, ya dafa bakin rijiyar ya sunkuya.

"Mun ji. Hito hakanan."

Na san a lokacin ne kawu ya gane an ji shi. Mutum biyun nan suka taso suka kama igiya ba tare da an ce musu kome ba, muka ja gaba ɗaya. Kansa yana fitowa muka ji wani abu ya ɓalle a ƙasa ya faɗa ruwa da nauyi. Har yau da nake wannan rubutu ba a san yawan abin da ya zube ba, kuma ban san ko rijiyar za ta tashi ba. Ban kuma san ko ruwa yana ji ba. Mu dai mun ji.

Kawu ya zauna a ƙasa, laka har wuya, yana haki, bai dubi kowa ba. Da numfashinsa ya dawo sai ya miƙe ya saki guga da kansa, ya jawo ɗan abin da ya samu. Ya karɓi ƙwarya a hannun wata mata, ya tace ruwan da gefen rawanin Arɗo, ya riƙe ta da hannu biyu ya juya ya nufi gida da sauri, yana lura kada ta zube. Mutane suka buɗe masa hanya. Ya yi 'yar tafiya, har ya kusa kwanar da ake hango ƙofar ɗakin tsohon, sai ya tsaya cak. Ya daɗe a tsaye a tsakiyar hanya da ƙwaryar a hannu, kuma duk cikinmu ba wanda ya iya ce masa ga inda zai kai ta.